Rasuwar Ɗan Baƙi, Batirin Sigarin Yaya Ɗalha

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu uku naɗe cikin bandeji, ni Basharu Wanzami na Gwandu nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Gwandu da Kalgo da Dodoru rasuwar abokin zamana, Ɗan Baƙi, batirin sigarin lantarki, wanda wa'adinsa ya cika da hantsin ranar Litinin da ta wuce, bayan ya yi shekara biyu da wata huɗu a hannuna. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san ba a yi wa ƙarfe salla, kuma limamin unguwarmu ya riga ya harare ni da ya ji zan rubuta wannan takarda. Malam, a yi min afuwa. Wanda ya san abin da na rasa ba zai yi dariya ba. Wanda kuma ya ga abin dariya ne, Allah ya bar masa lafiyar ƙirjinsa, ya yi ta yi.

Marigayin bai kai tsawon aska ba. Baƙi ne wuluk, da madanni guda a ƙirjinsa da wata 'yar fitila kewaye da madannin. A kansa ake ɗaura kwalbar ruwan da ake zuƙa, shi kuma ya tura wutar da ke ɗumama ruwan. An ƙera shi a wata ƙasa mai nisa da ban iya faɗin sunanta daidai ba, ya biyo ta Sakkwato ya iso gidanmu a jakar Mufida, ɗiyar yayana Ɗalha, wadda ke karatun kimiyya a jami'ar da ke Kalgo. Ba don ni ta sayo shi ba. Don mahaifinta ta sayo.

Dole in faɗi ko su wane ne mu, don a gane girman rashin. Ni da Yaya Ɗalha wanzamai ne, 'ya'yan wanzami, jikokin wanzami. Zabira ɗaya muka gada, ta fata, mai aska huɗu da ƙaho bakwai a ciki. Aski kowa na iya koya, amma ƙaho aikin numfashi ne. Za ka kafa shi a bayan mutum, ka sa baki a tsininsa, ka zuƙa har fata ta tashi ta cika shi, sannan ka toshe ba tare da iskar ta koma ba. In ƙirjinka ba shi da ƙarfi, ƙahon faɗuwa zai yi a gaban jama'a. Yaya Ɗalha shi ya koya min wannan zuƙar ina ɗan shekara goma sha biyar. Shi ne kuma ya miƙo min karan sigari na farko ina ɗan sha bakwai, a bayan rumfar mahauta ranar kasuwa. Shekara talatin da ɗaya muka yi muna sha tare, muna ɓoye wa iyayenmu, daga baya muna ɓoye wa 'ya'yanmu, alhali duk garin ya sani.

Ƙahon Yaya ne ya fara faɗuwa. Wani manomi ya waiwayo ya ce masa, "Ɗalha, yau ƙahonka bai kama ba." Yaya ya yi dariya ya ce ƙahon ne ya tsufa. Bayan wata uku tari ya hana shi tsayuwa a sahu. Aka kai shi asibiti a Birnin Kebbi, aka ɗauki hoton ƙirji, likita ya kira ni gefe ya yi min bayanin da ban so ji ba. A wannan makon ne Mufida ta zo da Ɗan Baƙi, tana ganin ko zai raba mahaifinta da taba. Kwana goma sha ɗaya kawai ya yi da shi. A cikin kwanakin nan ya ɗauki aska, ya yi masa tsaga uku a gefe, irin tsagar gidanmu, ya ce yanzu ya zama ɗan gida.

A rana ta sha biyu, bayan la'asar, yana kwance a tabarma ya ce, "Basharu, matso."

Na matsa. Ya damƙa min shi a tafin hannu, ya rufe da nasa hannun.

"Ni na koya maka, ni zan hana ka. Ka rantse min ba ka ƙara kunna taba."

Na ce, "Yaya, ka bari sai ka samu sauƙi mu yi wannan magana."

Ya ce, "Kai, bar wanga zance. Mi ya rage? Zabira ɗaya ce, kuma kai kaɗai za ka riƙe ta. Rantse."

Na rantse masa da Allah. Ya rasu ranar Alhamis ɗin da ta biyo baya. Allah shi jiƙan shi, shi kai haske kabarinsa. Tun daga wannan la'asar har zuwa yau da nake rubutu, ban kunna taba ba ko sau ɗaya. Ba ƙarfin halina ba ne, ban da shi. Marigayin da nake wa wannan sanarwa ne ya riƙe min rantsuwata.

A halayensa, Ɗan Baƙi mai tsari ne. Danni biyar ya farka, danni biyar ya kwanta, ba ya amsa wa huɗu, ba ya amsa wa shida. Yana da matakan wuta uku, kuma bai taɓa cakuɗa su ba. Mufida ta rubuta min su a bayan kwalin shayi da manyan baƙaƙe: in fitila ta yi kore, bolt uku da ɗigo uku yake turawa, in ta yi shuɗi, uku da ɗigo bakwai, in ta yi ja, huɗu da ɗigo biyu. Ta ce, "Baffa, bolt ɗin nan shi ne ƙarfin wutar da yake bayarwa. Ka fara da shuɗi, ka sauko kore, daga kore ka ajiye shi gaba ɗaya. Wannan abin ba magani ba ne, shi ma yana da tasa illar. Tsani ne na ba ka don ka sauka." Na ce to. Na yi wata biyu a shuɗi, na leƙa kore sau ɗaya na ji kamar ina zuƙar tururin ruwan wanka, sai na haye ja na zauna. In Mufida za ta zo hutu, in mayar da shi kore tun tana tasha. Shi kuma bai taɓa tona min asiri ba.

Muryarsa ƙasa-ƙasa take. In ka danna, sai ka ji ƙyas, sannan wani siririn tsssss kamar an ɗiga ruwa a kan murhu. Ban da wannan ba ya cewa komai. Na yi zaman makokin Yaya da wannan sautin, na yi azumi biyu da shi. A da in an kira magariba, ko dabino ban gama taunawa ba nake zagawa bayan gida da ashana. Da zuwansa sai na iya zama a tabarma har a sha kunu a tashi.

Amma babbar ɗabi'arsa, wadda na tsana yana raye nake kuka da ita yanzu, ita ce ya san inda ake tsayawa. In ka danna shi ka riƙe, daƙiƙa goma cif yake ba ka. Ana cika goma sai ya yanke wutar da kansa, fitilar ta ƙifta sau takwas, ya yi shiru. Ko ka roƙe shi, ko ka matse madannin har farcenka ya yi fari, ba zai ƙara maka ko ɗigo ba sai ka saki. To ku duba lamarin wanzami. Ni tun ina yaro an horar da ni in na fara zuƙa kada in tsaya sai abu ya kama. Daƙiƙa goma a wurina bisimilla ce kawai. Ni da na kafa ƙaho bakwai a jere a bayan wani mahauci mai faɗin ƙofar zaure ban huta ba, wai wani ɗan ƙarfe ne zai ce min ya isa. Na zage shi ba sau ɗaya ba. Na kira shi marowaci, na kira shi ɗan iya. Matata Hassana ta sha leƙowa ta ce, "Malam, da wa kake faɗa?" In ce da ɗan gidan Yaya. Shi ko sai ya ƙifta min sau takwas ɗinsa ya ƙyale ni.

Sau ɗaya ya nuna min dalilinsa a fili, ban ɗauki darasi ba. Muna cikin bas za mu Kalgo, an cusa mu huɗu a kujerar uku, buhun albasar wani ya danne min cinya daidai aljihu. Na manta ban kwantar da shi ba. Sai na ji tsssss daga cikin rigata, ga hannuwana duka a maƙale, ko motsi ban iya ba. Na fara salati a zuci ina jin ɗumi yana taruwa a cinyata. Kafin in kai ƙarshen salatin ya yanke kansa. Da na ba Mufida labari ta ce, "Ka ga amfaninsa ke nan, Baffa. Da babu wannan, da cinyarka ta gasu kafin ku kai." Na yi dariya, na ce Allah ya tsare gaba.

Alherin da ya yi min ba ya ƙirguwa. Cikin shekara ɗaya ƙahona ya koma kamawa da zuƙa guda. Na daina tsayawa hutu a tsakiyar hanyar masallaci. Hassana ta daina shanya rigunana a waje kafin ta shigar da su ɗaki. Abin da ya fi taɓa ni shi ne askin suna. A da in na sunkuya kan jariri, sai in ga kakarsa ta ɗan kawar da fuskar yaron daga bakina. Bayan zuwan Ɗan Baƙi suka daina. Wata tsohuwa ma ta ce min, "Wanzam, yanzu ƙamshin alewa kake yi." Na ji kunya, na kuma ji daɗi.

Ciwon ajalinsa ya fara ne a hankali bayan ya cika shekara biyu. Cajin da ke kai shi kwana biyu ya koma ba ya kai la'asar. In na sa shi a ja, sai ya ba ni daƙiƙa shida ya yanke, wani lokaci biyar, fitilar tana ƙifta ja kamar mai neman a taimake shi. Na kira Mufida a waya na gaya mata. Ta ce, "Ya tsufa ne, Baffa. In wutar cikinsa ta yi ƙasa sosai, yana yanke kansa don kada ya lalace. Ja ta yi masa nauyi yanzu. Ka koma kore, zai raka ka har ƙarshen shekara, kuma dama lokacin ajiye shi ya yi." Ashe duk tsawon lokacin nan ta san a ja nake. Na ce ta sayo min wani. Ta ce, "Ba zan sayo ba. Baba bai ce ka canja wata tabar da wata ba." Raina ya ɓaci, na kashe wayar ba sallama.

A nan ne na yi abin da ya kashe shi, kuma ina so a rubuta shi yadda ya faru. Na zauna na dube shi da idon sana'ata. A wurinmu, in yaro yana shaƙewa, abinci ba ya wuce masa, mukan ce belu ne ya tsaya masa a wuya, a cire. Sai na yanke hukunci cewa Ɗan Baƙi belu gare shi. Wani ɗan abu ne a maƙogwaronsa yake tare wuta, in aka cire zai sake. Ranar Asabar na hau mota zuwa Kalgo. Na wuce ƙofar jami'a kaina a sunkuye don kada in haɗu da Mufida, na nufi wajen Haliru mai gyaran waya, wanda ke da rumfa kusa da tasha. Haliru mutumin Gwandu ne, magidanci da 'ya'yansa uku, kuma ya san aikinsa. Ya buɗe marigayin a hankali, ya nuna min wani ɗan allo kore da bai kai farce ba.

Ya ce, "Baba, wanga allon shi ne hankalinsa. Shi ke auna wuta, shi ke ƙirga lokaci, shi ke kashe shi. In na tsallake shi na haɗa waya kai tsaye, ba ya da mai ce mishi tsaya."

Na ce, "Abin da na zo nema ke nan."

Ya ce, "Wallahi Baba ba na so. Batirin ya kwana biyu, zai iya kumbura, zai iya kamawa da wuta."

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Kai Haliru, ni na yi maka askin suna. Ni na cire maka belu kana ɗan kwana bakwai, ga ka nan kana cin tuwo lafiya. Yau kai za ka koya min abin da ake cirewa da wanda ba a cirewa?"

Ya sunkuyar da kai. Mutane suna kallo, ba zai iya musu da sa'an ubansa a bainar jama'a ba, kuma na san haka, shi ya sa na ɗaga murya. Ya ɗauki ƙarfen dalmarsa ya yi abin da na sa shi. Da ya miƙo min ya ce, "Don Allah Baba, kada ka sa shi a aljihu, kada ka sa shi cikin kaya. Yanzu danni biyar ba ya kwantar da shi." Na ce na ji. Ina shaida wa duniya cewa Haliru ba shi da laifi. Duk wanda ya je rumfarsa da wata magana, ni ya taɓa.

Kwana tara ya yi bayan wannan aiki, kuma ba shi ba ne. Fitilarsa ta mutu, babu kore, babu shuɗi, babu ja. Siririn tsssss ɗinsa ya koma wani gurnani mai kaushi. Ina danna shi yake saki duk abin da ke cikinsa, in zuƙa daƙiƙa ashirin, talatin, har bakina ya cika da ɗanɗanon ƙonannen tsumma. Jikinsa ya riƙa zafi a hannuna. A kwana na huɗu tarin da na rabu da shi ya dawo gaishe ni da asuba. Ba zan yi ƙarya ba, a kwanakin farko daɗi na ji. Na ce yau ga shi na samu wanda ba ya min gardama. Kaico.

Ranar Litinin aka kira ni askin suna a Dodoru. Yarinya ce, 'yar fari. Don gudun a gan ni da shi a gidan mutane, na jefa shi cikin zabira tsakanin ƙahoni, na manta da gargaɗin Haliru sarai. Kakar yarinyar ta zauna a zaure ta rungume ta, na durƙusa, na jiƙa kan da ruwan ɗumi, na fara aski. Na kai rabin kai ke nan gwiwata ta danne zabirar, wani ƙaho ya hau kan madannin. Na ji sautin. Na ji shi sarai. Amma shekara biyu na saba in ya fara yana tsayawa da kansa, sai na ci gaba da askina ina jiran ya yanke. Na ja aska sau ɗaya, na ja sau biyu. Sai da warin ƙonanniyar fata ya bugi hancina na tuna cewa wanda zai yanke ɗin ni na sa aka cire shi.

Allah ne kaɗai ya ba ni natsuwar ɗaga askar daga kan yarinyar kafin in zabura. Na ajiye ta a ƙasa, na suri zabirar na yi waje da gudu, mata suna salati. A ƙofar gida na zazzage ta, na kai hannu na fizge shi daga cikin ƙahonin, a nan ya ƙone min yatsu uku. Na yar da shi a kan yashi. Ya kumbura, gefensa ya tsage, wani farin hayaƙi mai ɗaci ya fito da ƙara, fuuuu, ya daɗe yana fita. Daga nan ya yi shiru. Wannan ita ce maganarsa ta ƙarshe, kuma a tsawon zamanmu ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba.

Babu abin da ya sami yarinyar, alhamdu lillahi. Amma hannuna ya ƙi riƙe aska, dole aka aika ƙauyen gaba aka kira wani wanzami ya ƙarasa. Tun daga kakanmu ba a taɓa jin ɗan gidanmu ya bar kan jariri rabi da gashi ba, sai a kaina. Uban yarinyar ya rako ni bakin hanya, bai ce min komai ba sai "Allah shi kyauta, Wanzam." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Washegari Mufida ta zo daga Kalgo. Na ajiye gawar a cikin gwangwanin madara da yashi. Ta ɗauko shi da tsinke biyu, ta juya shi, ta ga inda aka yi dalma.

Ta ce, "Wa ya buɗe shi?"

Na ce, "Ni na sa."

Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi. Ba ta yi ba. Ta ci gaba da juya shi tana neman gefen da mahaifinta ya yi wa tsaga. Wurin ne ya fashe, babu ko ɗaya da ta rage cikin ukun. Sai ta mayar da shi cikin yashin, ta ja mayafinta ta rufe fuska. Can ta ce, "Baffa, yanzu yaya za ka yi da alƙawarin Baba?" Daga nan ta tashi ta shiga wajen Hassana.

Marigayin ya rasu ya bar caja ɗaya mai lanƙwasasshen wuya, wadda har yanzu tana maƙale a bango ban iya cire ta ba. Ya bar rabin kwalbar ruwa da kwalin shayin da Mufida ta yi wa rubutu. Kwalbar kansa ta narke ta bi shi, Allah ya sa sun huta tare. Ya bar zabirar kakanmu da huda a gindi wadda hannu ke shiga, da ƙaho biyar cikin bakwai. Ya bar Hassana, wadda ta fara duban rigunana ta gefen ido in na dawo daga waje. Ya bar ni, da rantsuwar da na yi wa mamaci, ba tare da mai taya ni riƙo ba.

Masu cewa in je Sakkwato in sayi wani, na gode da shawara. Wani batirin ba shi ne Yaya ya damƙa min a hannu ba, kuma Mufida ta yi gaskiya, tsani ne aka ba ni na mayar da shi kujera. Ban da haka na san halina. In na buɗe ƙofar neman madadi, teburin mai taba na bakin titinmu ya fi Sakkwato kusa. Mai teburin ma ya ji labari. Shekara biyu gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu ba, amma jiya har da tasowa ya yi min ta'aziyya, yana tambayar yatsuna. Yau kwana huɗu ke nan. Na yi wa Hassana tsawa a kan shayi ya yi sanyi, alhali ni na bar shi ya huce. Bakina ɗaci, kaina kamar an ɗaure da igiya. Tsoro nake ji, jama'a, wallahi tsoro nake ji, don ban taɓa riƙe wannan alƙawari ni kaɗai ba ko na yini ɗaya.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ba za a binne shi ba, ba za a ƙona shi ba, ba kuma za a jefa shi a bola ba, don Mufida ta ce abin da ke cikinsa guba ne ga ƙasa, kuma wuta na iya tayar da shi. Za a ɗauke shi a gwangwaninsa daga ƙofar gidanmu zuwa tasha, ita za ta tafi da shi Kalgo, inda suke tara matattun batura a sashensu. Za a yi zaman makoki na kwana uku a zaurena. Mai zuwa ya zo da goro ko asuwaki, duk abin da baki zai tauna ina maraba da shi. Haliru, ka zo, kada ka ji nauyi, ni ne zan nemi gafararka a gaban mutane.

Hanyar tasha ɗaya ce, kuma ta gaban teburin mai taba ta bi. A tafiya muna da yawa, ba na jin komai. Dawowar ce matsala, bayan motar Mufida ta tashi. Ina roƙon mutum biyu masu ƙarfi su tsaya su dawo da ni gida, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma duk abin da na ce musu a hanya kada su saurare ni.

Saura magana ɗaya, wadda ko Hassana ba ta sani ba sai ta ji an karanta wannan takarda. Jiya da mai teburin ya taso yi min ta'aziyya, ban dawo hannu wofi ba. Kara ɗaya na karɓa. Yana cikin aljihun gaban rigata, ban kunna shi ba, Allah ne shaidata, amma na kasa jefar da shi. Duk wanda ya riga kowa isowa gobe, kada ya tsaya gaisuwa, kada ya ji kunyar furfurata, ya sa hannu a aljihun ya cire shi. In da hali ma a zo yau, don ban tabbata zan kai goben ba.

Sanarwa daga Basharu Wanzami, ƙanin marigayi Ɗalha, Gwandu.